Makullin ƙofa ya lalace, ejan ya turo lissafi mai tsada: ina kuɗin ke tafiya?

A gidajen haya na Akra, daga Nima da Mamobi zuwa Sabon Zango da Fadama da Madina, ba kasafai babbar ɓarna ke haɗa mai gida da ɗan haya ba. In iska ta yaye kwano ko bango ya tsage, kowa ya san aikin mai gida ne, iyaka a yi ta jan ƙafa. Ƙananan abubuwa ne ke kawo rigima, kuma a cikinsu babu kamar makullin ƙofa, domin shi ba ya jira. Famfon da ke ɗiga ana iya tara masa bokiti har mako biyu. Ɗakin da ya ƙi kulluwa kuwa, mai shi ba zai fita nema da safe ba, ba kuma zai runtsa da dare ba. Sai ya kira ejan, wato dillalin haya da aka bar wa gidan, ejan ya kira kafinta, wanda ake ce wa Masta, kafin la'asar saƙon murya ya iske mai gida ta WhatsApp: "Alhaji, barka da war haka. Ƙofar ɗakin ƙarshe ce ta lalace. Masta ya zo ya gani, ya ce miliyan goma sha biyu, da kaya da aiki."

Sidi 1,200 ke nan, don har gobe akwai masu lissafi da tsohon kuɗi, duk da canjin 2007 da ya mayar da sidi 10,000 sidi ɗaya. Adadin misali ne kawai na ɗauka, amma duk mai gidan haya ya san irin saƙon: jimilla guda, babu bayani, ga kuma gaggawa a muryar mai magana.

Abin da ke fara zuwa zuciyar mai gida shi ne ejan ya mayar da shi saniyar tatsa. Wani lokaci kuwa hakan ne. Amma wanda ya tsaya a nan bai kamo bakin zaren ba, zai canza ejan ya sake canzawa, lissafin da ake turo masa bai sauya ba. Tsadar daga wuri biyu take fitowa. Na farko, mai gida bai san abin da ya lalace ba, don haka ba shi da bakin tayawa. Na biyu, yadda ake biyan haya a Akra bai bar wa ejan wata hanyar samun ladan zirga-zirgarsa ba sai ta cikin kuɗin gyara.

Mu fara da ƙofar kanta. Yawancin ɗakunan haya makullinsu irin wanda ake fafe gefen ƙyaure a cusa a ciki ne, kuma abu uku ne a haɗe. Akwai hannun da ake dannawa. Akwai akwatin ƙarfen da ke ɓoye cikin katako, mai ɗauke da harshe da sakata. Sai silinda, ɗan guntun tagullar nan da ake zura ɗan makulli a ciki. Kowannensu lalacewarsa daban, kuɗinsa daban. Akwai ma na huɗu wanda ya fi su yawan jawo kira, shi ne a ce makullin lafiyarsa ƙalau, ƙofar ce ta karkace.

Gane wannan ba ya cin ko fesuwa ɗaya. A buɗe ƙofar, a bar ta a buɗe, a murɗa ɗan makulli. In sakata ta fito ta koma sumul, amma da an rufe ƙofar sai ta cije, to ba makulli ne ke ciwo ba. Sakatar ce ta daina dacewa da raminta a jikin firam. Mai gidan da ke Bronx ko Hamburg ma zai iya cewa a ɗauko masa bidiyon wannan gwajin na rabin minti, kuma shi kaɗai yakan zubar da rabin lissafi.

Me ke karkatar da ƙofa? Yanayin garin ne da irin katakon. Akra damina biyu gare ta, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Katako ya sha danshi ya kumbura, hunturu ya shigo a Disamba ya busar da shi ya tsuke. Odum ko mahogani da aka busar da kyau suna jure wannan kai-komo. Wawa kuwa, farin katakon nan mai laushi da arha da ake yi wa ɗakunan haya ƙofa da shi, ba ya riƙe sukuru da ƙarfi. Bayan 'yan shekaru hinjin sama ya saki, ƙofar ta sunkuya, ƙasanta ya fara gugar siminti, sakata ta sauko ƙasa da raminta da ɗan abin da bai kai kaurin yatsa ba. A unguwannin da ruwa ke shiga ɗaki, irin su Alajo da Adabraka da gefen babbar kwatar Nima, gindin firam ɗin ne ke ruɓewa. Kafintan da ya san aikinsa zai shafa alli a bakin sakatar, ya rufe ƙofa ya murɗa, ya buɗe ya duba inda allin ya taɓa. Daga nan sai ya ɗaure hinji da dogayen sukurori, ko ya sa magagari ya ɗan faɗaɗa ramin, ko ya fere gefen ƙyauren kaɗan. Babu abin da za a sayo a kasuwa in ban da sukuru. Kuɗin aiki ne kawai.

In kuma ko da ƙofa a buɗe ɗan makulli ba ya shiga, ko ya shiga ya ƙi juyawa, silinda ce. Cikinta 'yan ƙananan ƙusoshi ne a kan siririn sifirin, kuma abokan gabarsu uku ne: ƙurar hunturu, tsatsa (musamman a Chorkor da Korle Gonno da La da Teshie, inda iskar teku ke ɗauke da gishiri), sai man da mutane ke ɗiga mata don taimako. Manja da man gyaɗa da baƙin man inji duk suna sa ta yi laushi kwana biyu, sannan su tara ƙura su daskare. Garin bakin fensir da aka kankare aka shafa wa ɗan makulli ya fi su amfani nesa ba kusa ba.

Canza silinda kuwa aiki ne da ya kamata kowane mai gida ya tsaya ya gani da idonsa ko sau ɗaya ne. A gefen ƙyauren, ƙasa da sakata kaɗan, akwai dogon sukuru ɗaya tak. A kwance shi, a zura ɗan makulli, a ɗan murɗa shi kaɗan har harshen tsakiya ya shige ciki, a ja, silindar ta fito a hannu. A zura sabuwa, a mayar da sukurun. Ba a taɓa hannu ba, ba a taɓa akwati ba, ba a sassaƙi katako ba. Abin lura ɗaya ne, tsayinta. Akwai mai milimita 60, da 70, da 80 zuwa sama, gwargwadon kaurin ƙofa, shi ya sa ake tafiya shago da tsohuwar a aljihu. In an sa wadda ta yi tsawo har kanta ya leƙo waje sosai, an ba ɓarawo abin kamawa da filaya ya karya. Wanda ya taɓa ganin wannan aikin ba zai sake jin "za a canza makulli gaba ɗaya" ya yi shiru ba.

Hannun da ya saki ya rataye shi ma yawanci sifirinsa ne ya mutu, ko sandar ƙarfe mai kusurwa huɗu da ke haɗa hannayen biyu ta cinye. Ana sayar da hannu shi kaɗai. Sai an tabbatar akwatin ciki ne ya karye sannan ake maganar sabon makulli sukutum.

Kada kuma a ɗauka duk lissafi mai nauyi cuta ne. Ƙofofin ƙarfen nan na tsaro da ake shigowa da su daga Turkiyya da Sin, masu sakatu da yawa da ke fitowa sama da ƙasa da gefe a murɗa ɗaya, in injin cikinsu ya lalace sai an buɗe cikin ƙofar, kuma na wannan kamfani ba lallai ya shiga na wancan ba. Makullin da ya cije ƙofa tana rufe, mutum yana waje ko yara suna ciki, sai an huda shi da injin huda, kuma in da daddare ne mai gyara ba zai zo a kuɗin rana ba. In ɓarayi ne suka ɓalle ƙofa, firam ya tsage, to an shiga maganar kafinta da birkila, wataƙila har da mai walda. A irin waɗannan, sidi 1,200 na iya zama rangwame. Ga kuma gaskiyar da masu gida ba sa son ji: kusan duk makullin da ke kasuwar Timber Market ko Okaishie daga waje aka shigo da shi, farashinsa dala yake bi. Wanda rabonsa da sayen makulli tun kafin 2022, shekarar da hauhawar farashi a Ghana ta kai kashi 54.1 cikin 100 a watan Disamba, farashin da ke kansa ya daɗe da mutuwa. Yana iya kiran ejan ɓarawo alhali ƙwaƙwalwarsa ce ba ta je kasuwa ba.

Wannan ke nan game da ƙarfe da katako. Ɓangaren kuɗi ya fi shi sarƙaƙiya, kuma a nan ne nake ganin masu gida ba sa yi wa kansu adalci.

Zango ba baƙon dillanci ba ne. Tun zamanin fataucin goro da shanu, har zuwa lokacin da Malam Baƙo ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20, mai gida shi ne mai saukar da baƙo, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da mai saye, dillali ya karɓi la'adarsa kowa na gani. Abu biyu ne suka riƙe wancan tsarin: mai gida yana kwana a cikin gidan, kuma ladan dillali sananne ne. Yau duka biyun sun kau. Gidan ya zama na gado, magada wasu suna Amurka, wasu Jamus ko Italiya ko Saudiyya, wasu sun yi gini a Kasoa ko Amasaman, zuwa Nima a trotro, ƙaramar bas ɗin haya, sai ya cinye musu yini. An bar gida a hannun ejan, ko wani ɗan uwa da ake ce wa mai kula da gida, ba tare da an taɓa zama an ce ga abin da za a riƙa ba shi ba.

Yanzu a dubi yadda kuɗin haya ke shigowa. Dokar Haya ta 1963, mai lamba 220, ta hana mai gida neman adibas, wato kuɗin hayar da ake biya tun gaba, da ya wuce na wata shida. Kowa ya san abin da ake yi: shekara ɗaya in an yi sa'a, shekara biyu a mafi yawan lokaci, kuma a ƙasar da ake ƙiyasta giɓin gidaje ya kai miliyan 1.8, mai neman ɗaki ba shi da bakin musu. Dokar ta kuma tsayar da ladan dillali a kashi 5 cikin 100 na hayar shekara guda, amma abin da aka saba karɓa a titi kashi 10 ne na duk abin da aka biya, ban da kuɗin zuwa ganin ɗaki. A ce ɗaki sidi 600 ne a wata. Shekara biyu ta kama 14,400, ejan ya ɗauki 1,440 daga aljihun ɗan haya, alhali a lissafin doka 360 ne. Duk wannan a rana ɗaya ake yin sa, ranar karɓar makulli.

To, sai wata na goma sha huɗu ya zo, makulli ya lalace. Duba inda kowa yake tsaye. Mai gida ya daɗe da kashe adibas, ya zuba shi a ginin wani ɗaki, ko kuɗin makarantar yara, ko aurar da 'ya, ko kujerar Hajji. Ɗakin ba zai sake kawo masa ko sisi ba sai bayan wata goma, saboda haka duk gyaran da ya taso ji yake kamar daga jikinsa ake yanka. Ɗan haya ya riga ya biya komai, ba shi da hayar wata mai zuwa da zai riƙe ya ce sai an gyara. Ejan kuwa cinikinsa ya ƙare tun ranar farko. Babu wanda ke biyansa don ya bar allonsa a bakin titi, ya hau mota ya zo ya duba ƙofa, ya nemo kafinta, ya tsaya a kansa, ya sha zagin ɗan haya in aikin bai yi ba. Mutum uku ke nan, babu ɗayansu da tsarin ya tanadar wa kuɗin gyara. Ejan shi ne mai riƙe da alƙalami, sai ya rubuta ladansa a cikin farashin makulli.

Ba a kansa kaɗai ƙarin ke tsayawa ba. Masta ma yana da kunne. Da ya ji an ce mai gidan boga ne, wato mazaunin ƙasar waje, yana Amurka, farashinsa ya tashi, don ya san za a mayar da kuɗin dala a ga bai taka kara ya karya ba. Yana kuma sane da cewa ejan zai nemi nasa kason, sai ya sa shi a ciki tun farko. Sannan ya fi son canza komai da komai a kan gyara, ba don mugunta kawai ba: sabon makulli ba ya sa a sake kiransa bayan mako guda a ce aikinsa bai yi ba, kuma ribar da ke cikin sayo kaya ta fi ta fere ƙofa. Haka silinda ɗaya ke zama makulli sukutum, makulli ya zama "har da firam ma ya kamata a duba".

Malamanmu sun daɗe da warware wannan a babin wakilci, kuma hukuncin ba ya buƙatar dogon sharhi. Wakili amini ne. In an aike ka ka sayo abu a 200 ka dawo ka ce 350 ne, ɗari da hamsin ɗin ba riba ba ce, cin amana ce. In kuwa ka faɗa tun farko cewa ladan tsayawarka a kan aikin kaza ne, aka yarda, halas ɗinka ne. Sai dai mai gidan da ke son ejan ya tsaya a kan wannan iyaka, shi ma sai ya yarda ya biya ladan a fili. Ba a ce mutum ya kula maka da gida mai ɗaki goma shekara da shekaru da "Allah ya saka da alheri" ba, sannan ka yi mamaki in ka ga rasit ya kumbura. Ra'ayina ke nan, kuma na san ba zai yi wa wasu alhazai daɗi ba: biyan ejan wani abu tsayayye duk wata, ko wani kaso sananne a kan kowane gyara, ya fi arha a kan wannan kyautar da ba kyauta ba.

Akwai Dokar Dillancin Gidaje da Filaye ta 2020, mai lamba 1047, wadda ta kafa majalisar da ke ba dillalai lasisi, ta kuma hana biyan tsabar kuɗi hannu da hannu a cinikin gidaje. Kamfanonin da ke kula da gidaje a East Legon da Cantonments sun fi kusa da wannan duniyar, kuma su tsadarsu a rubuce take zuwa, da kuɗin fitowa da kuɗin kulawa. Ejan ɗin unguwa mai allo da alli bai ji a jikinsa ba tukuna. Abin da mai gida zai iya ɗauka daga dokar ko a zango shi ne ɗabi'ar barin sawu: a biya ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, kuɗin kaya kai tsaye zuwa lambar mai shago, kuɗin aiki zuwa lambar Masta.

Sai tambayar da ake fara yi tun kafin a ga lissafi: wa zai biya? Abin da yarjejeniyar haya ta faɗa shi ne gaba da komai, in akwai ta a rubuce. Ƙa'idar da aka saba rubutawa, wadda kuma hankali ya yarda da ita, ita ce abin da tsufa da amfanin yau da kullum suka cinye na mai gida ne, abin da ɗan haya ya lalata da hannunsa nasa ne. Fiƙihu ma a nan ya tsaya, ɗan haya ba ya ramuwa sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Ƙofar da damina ta kumbura, sifirin da ya mutu bayan shekara takwas, tsatsar iskar teku, duk na mai gida ne. Wanda ya ɓatar da 'yan makullansa a kasuwar Kantamanto ya dawo ya sa ƙafa ya ɓalle ƙofa, ko yaransa suka mayar da hannun ƙofa lilo, shi zai biya. Inda ake samun taƙaddama shi ne ɗan makullin da ya karye a ciki. Mai gida ya ce da ƙarfi aka murɗa, ɗan haya ya ce ya yi wata biyu yana faɗa wa ejan ƙofar na cijewa. In akwai wancan saƙon a waya, magana ta ƙare, domin cijewar ƙofa ce ke sa a murɗa da ƙarfi. In ɓarayi ne, ɗan haya bai yi laifin komai ba, an riga an kwashe masa kaya, ɗora masa kuɗin firam rashin imani ne.

Ko ma wa zai biya, akwai abin da bai kamata a haɗa shi da cinikin farashi ba, wato daren yau. Mai gida na da haƙƙin ya ƙi lissafi, ya nemi na biyu, ya ɗauki kwana uku yana bincike. Ba shi da hujjar barin mace da 'ya'yanta su kwana sun tokare ƙofa da kujera saboda shi da ejan ba su daidaita ba. A sa sakata ta ciki, a ɗaura maratayin kwaɗo a waje da kwaɗo mai kyau kafin magariba. Wannan kuɗinsa kaɗan ne, kuma da zarar an yi shi, gaggawar da ke sa a karɓi kowane farashi ta tafi. Ejan da ke cewa "Alhaji, a turo yanzu-yanzu, matar tana kuka" ya rasa makaminsa mafi kaifi.

Daga nan sai a zauna da lissafin. Ba a cewa "ya yi tsada", don amsar a shirye take: "Alhaji, kaya ne suka tashi." Cewa ake yi a rarraba shi. Wane ɓangare ne ya lalace, a turo hoto. Wane iri za a saya, nawa ne a shago. Nawa ne kuɗin aiki, nawa ne kuɗin mota, nawa ne na ejan. Mai gaskiya ba ya jin zafin waɗannan tambayoyin, hasali ma sun ba shi damar faɗin ladansa ba kunya. Sannan a ce a ajiye tsohon da aka cire. Wannan 'yar magana tana da ƙarfi fiye da yadda ake zato, domin ba a iya ajiye akwatin da ba a cire ba, kuma akwatin da aka cire yana lafiya zai tona asirin kansa.

Mai gidan da ya ce shi zai sayo kayan da kansa ya yi dabara, amma da sharaɗi. Kasuwa cike take da makullai masu ɗauke da sunan Yale ko Union waɗanda kamfanonin ba su san da zamansu ba. Na ainihi yana da nauyi a hannu, silindarsa tagulla ce har ciki, jabun kuwa farin ƙarfe ne mara nauyi da aka shafa wa ruwan tagulla, ka kankare shi da farce ko ɗan makulli ka ga asalinsa. Arha ba ta ado: ƙofar ɗakin haya ana buɗe ta ana rufewa sau da dama a yini, mafi arhar makulli ba ya kai ƙarshen adibas. Kuma Masta ba zai ɗauki alhakin kayan da ba shi ya sayo ba, in ya lalace zai ce "Alhaji ne ya kawo". Shi ya sa mafi alheri shi ne mai gida ya samu kafinta ɗaya nasa na kansa, wanda ba ta hannun ejan ya san shi ba, ko da aikinsa bai wuce ya je ya duba ya bugo waya ba.

Ga wanda yake nesa, abin da ke rage yawan kira da zargi shi ne a yanka iyaka tun kafin wani abu ya lalace: gyaran da bai kai kaza ba, ejan ya yi ya turo rasit, wanda ya haura sai da hoto da farashin mutum biyu. A kuma ware wani abu daga adibas tun ranar da ya shigo, kamar hayar wata ɗaya, a bar shi don gyara. Harajin haya na kashi 8 cikin 100 da hukumar tara haraji ta Ghana, GRA, ke karɓa a gidajen zama a kan jimillar haya ake lissafa shi, ba a cire kuɗin gyara kafin a yanka, saboda haka babu wani wuri da kuɗin makulli zai fito in ba daga abin da mai gida ya ajiye da kansa ba. A gidan gado wannan ajiyar ta fi zama dole, don in an raba adibas tsakanin magada har ƙwandala, ranar gyara kowa wayarsa ba ta shiga.

Sau da yawa ɗan haya ne ke gajiya ya kira kafintansa ya biya, da niyyar a cire masa in an zo sabunta haya. Hanya ce mai kyau, kuma takan fi ta ejan arha, don mai biya daga aljihunsa ya iya tayawa. Sai dai ya nemi yardar mai gida tukuna, a rubuce, da adadin kuɗin a ciki: "Baba, na samu mai gyara a 350, in yi a cire a haya?" A amsa masa da "to, yi". Ya adana saƙon da rasit, in akwai katin haya, wanda doka ta ce mai gida ya bayar, a rubuta a ciki. Bayan wata goma babu mai tuna abin da aka faɗa a tsaye a bakin masallaci, kuma ko a gaban sarkin zango aka je, ko ofishin Rent Control, hukumar gwamnati mai sasanta rigingimun haya, abin da ke rubuce ake fara tambaya.

Akwai masu gida da ke ganin lalacewar makulli dama ce ta samu, musamman in suna son ɗakin don a ba wani a sabon farashi. Sai su ƙi gyarawa da gangan, ko su canza makullin su riƙe 'ya'yan, ko su ɗaura nasu kwaɗon a kan na ɗan haya. Kotu ce kaɗai ke da ikon fitar da ɗan haya, kuma dokar 1963 ta ɗauki duk abin da aka yi da nufin tilasta masa barin ɗaki a matsayin laifi. Ko bashin haya ake bin sa, kwaɗo ba hanya ba ce.

Sabuwar silinda takan zo da 'yan makulli uku ko fiye, kuma ya kamata a ƙirga su a gaban ɗan haya a miƙa masa. In mai gida zai riƙe ɗaya don ko-ta-kwana, da sanin mai ɗaki, kuma riƙe shi ba lasisin shiga ɗakin mutane ba ne in ba sa nan. Ejan dai ba shi da dalilin riƙe ko ɗaya. Haka kuma duk lokacin da ɗan haya ya tashi wani ya shigo, a canza silinda ko da lafiyarta ƙalau, don masu yanka makulli suna kowace kasuwa, babu wanda ya san kwafi nawa ne ke yawo a hannun tsohon mai ɗaki da ƙannensa.

Babbar ƙofar gida ce kawai lissafinta ke ba mutane mamaki alhali gaskiya ne. Gida mai ɗaki goma sha biyu, in an canza makullin waje, kowane ɗaki sai an yanka masa aƙalla ɗaya, masu fita sallar asuba da masu dawowa daga aikin dare su nemi biyu. Kuɗin yankan na iya kamo kuɗin makullin ko ya wuce shi. A nan abin da za a tambayi ejan shi ne guda nawa aka yanka, kuma daga na asali aka yanko su ko daga kwafi, domin kwafin kwafi ba ya zama daidai, shi ne ke cinye ƙusoshin sabuwar silindar.